INA YA KAMATA MASUNCI YA TSAYA A BAKIN RUWA?

Jawabi ga masu kamun kifi daga gaɓa a ƙasar Dutse da tsakiyar Jihar Jigawa

  

Maganar yau ta shafi mutumin da ba shi da jirgi, ba shi da kwale-kwale. Abin da ya mallaka shi ne ƙugiya da zare, ko birgi, ko koma. A gaɓa yake tsayawa ya nemi abin da zai kai gida. Irin waɗannan mutane suna da yawa a ƙauyuka. Akasarinsu manoma ne, sai an gama aikin gona su juya ga ruwa. Wani don a sami na miya, wani don kuɗin cefane da na makarantar yara.

A ɗauki misalin mutum biyu 'yan gari ɗaya. Kasuwa ɗaya suka sayi ƙugiya. Wuri ɗaya suka haƙo tana. Tare suka fita bayan sallar asuba. Da hantsi ɗaya ya dawo da tarwaɗa cike da kwarya, ɗayan ya dawo hannu rabbana. Sai jama'a su ce wancan mai sa'a ne. Gaskiya ne arziki na Allah ne. Amma in an bincika, sau da yawa za a tarar bambancinsu shi ne wurin da kowa ya tsaya. Na farkon ya duba ruwa kafin ya jefa ƙugiya. Na biyun kuwa inda ƙafarsa ta gaji nan ya zauna.

Saboda haka akwai tambayoyi huɗu da ya kamata masunci ya yi wa kansa kafin ya ajiye kayansa. Akwai kifi a nan? Ƙasar wurin za ta riƙe mutum? Ruwan yana da lafiya? Wane ne yake da iko da shi? In amsar ɗaya daga ciki ba ta yi daɗi ba, sai a matsa gaba.

RUWAYEN DA KE YANKIN

Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991, ba ta da teku. Ruwayenta iri uku ne: kogi, da dam, da tafkuna ko kududdufai.

Babban kogi shi ne Kogin Haɗeja. Yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa. Ya wuce ta Wudil, ya shigo Jigawa ta ƙasar Ringim da Taura, ya bi ta wajen Miga da Auyo har Haɗeja. A hanya Kogin Kafin Hausa ya ɓalle daga jikinsa. Can gaba ruwan Haɗeja yana haɗuwa da na Jama'are a wajen Gashuwa, su zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. Kusa da Dutse kuma akwai Dam ɗin Warwade. Ban da waɗannan, ga tafkunan fadama da kududdufai da damina ke cikawa.

Dattawa sun san kogin nan ya sake hali. A da, in rani ya yi nisa, yakan yanke ya bar gurabe nan da can. Da aka gama Dam ɗin Tiga a 1974, aka kuma gama na Calawa kusa da Ƙaraye a 1992, sai ya zama hannun mutum ma yana da ta cewa a kan ruwan. Ana tare shi, ana kuma sakinsa. Ruwa ya riƙa gudu a hankali har da rani. Wannan ya ba ciyawar kachalla damar yaɗuwa, laka da rairayi suka cike wasu hanyoyin ruwa. Ke nan gurbin da kakan mutum ya yi suna da shi, mai yiwuwa yau ya zama dajin kachalla. Sanin jiya yana da amfani, amma dole a haɗa shi da duban yau.

ABIN DA KIFI YAKE NEMA

Kifi ba ya zama ko'ina a cikin ruwa. Abu uku yake nema: abinci, da maɓoya, da wurin da ba zai wahala da gudun ruwa ba. Duk inda ukun nan suka haɗu, can masunci zai nufa.

A kogi, wuri na farko shi ne kwana. In kogi ya yi kwana, ruwan yana dukan gaɓar da ke waje, ya ci ta, ya haƙa gurbi mai zurfi a ƙarƙashinta. Gaɓar da ke ciki kuwa rairayi take tarawa, ruwanta ba zurfi. Manyan kifaye irin su ragon ruwa da giwan ruwa da manyan tarwaɗa a gurbin waje suke kwanciya. Amma gaɓar wajen ita ce mai zabtarewa. Dabara ita ce mutum ya tsaya a kan rairayin ciki, ya jefa ƙugiyarsa zuwa gurbin, ko ya koma ƙasa kaɗan da kwanar inda gaɓa ta kwanta.

Wuri na biyu shi ne mahaɗar ruwa, watau inda rafi ko ruwan fadama ke shiga kogi. Ƙaramin ruwan yana kawo tsutsotsi da ƙwari da 'ya'yan itatuwa. Ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su. In an ga layi a kan ruwa, inda jan ruwa ya haɗu da mai haske, to a jefa ƙugiya daidai kan layin.

Wuri na uku shi ne bayan wani abu da ya tare ruwa, kamar itacen da ya faɗi, ko dutse, ko tudun ƙasa. A bayansa ruwa yana lafawa yana juyawa, ganyaye suna kewayawa wuri ɗaya. Kifi yakan tsaya nan yana hutawa, abinci yana zuwa masa har baki. Kurungu yana son irin wannan wuri ƙwarai. Sai dai mai birgi ya yi hattara. Itacen da ke ƙarƙashin ruwa yakan yaga birgi, aikin wata guda ya lalace a jifa ɗaya. Wurin itace na mai ƙugiya ne. Mai birgi wurin da ƙasansa ke da rairayi ko laka mai sumul zai nema.

Wuri na huɗu shi ne inuwar itatuwan bakin ruwa, kamar giyayya da ɓaure. Ƙwari da 'ya'yan itace suna faɗowa daga sama, saiwoyi kuma sun zama maɓoya. Da rana tsaka a lokacin zafi, kifi inuwa yake bi, kamar yadda mutum yake yi.

A DAM DA TAFKI

Ruwan dam ba ya gudu, saboda haka dubansa dabam ne. Abu na farko, a tambayi dattawan wurin inda tsohon rafi yake bi kafin a datse shi. Hanyarsa tana nan a ƙarƙashin ruwa, kuma ita ce mafi zurfi. Duk gaɓar da ke kusa da wannan hanya tana da daraja, musamman da rani in ruwa ya ja baya.

Abu na biyu shi ne bakin da ruwa ke shigowa. Da ruwan sama ya sauka, sabon ruwa yakan shigo da abinci, kifi ya yi tururuwa zuwa wurin.

Abu na uku shi ne iska. Iska tana tura ƙwari da ƙananan abubuwan da kifi ke ci zuwa gaɓar da take nufa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka gaɓar kudu maso yamma ce ke tara abinci. Da damina kuwa akasin haka ne. Mutane da yawa sun fi son su ba iska baya don jifa ya yi sauƙi. Amma wanda ya daure ya fuskanci iska, sau da yawa shi ke cika kwarya.

Abu na huɗu shi ne gefen ciyawa. Karfasa da bargi suna kiwo a gefen bado da burugu. Amma a lura, gefen ciyawa aka ce, ba tsakiyarta ba. Inda kachalla ta yi duhu, ruwa ba ya motsi, iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa takan yi ƙaranci, musamman da asuba. Masu jure irin wannan wuri su ne irin su tarwaɗa da gaiwa, don su suna iya tasowa su shaƙi iskar sama. Wanda yake neman karfasa ya nemi tagar da ruwa ya buɗe a jikin ciyawar.

ALAMUN DA IDO KE GANI

Kafin a kwance kaya, a tsaya shiru kamar tsawon shan fura, ana kallo. Ruwa yana ba da labarin kansa.

In an ga zalɓe ya kafe wuri ɗaya kullum, ba don banza ba ne. In an ga ƙananan kifaye irin su kawara suna tsalle a firgice, akwai babba a ƙarƙashinsu, wataƙila tsage ko giwan ruwa. In an ga ƙananan kumfa suna tasowa a jere, laka tana motsi, akwai mai tonon ƙasa. In an ji ƙarar ɓulɓul a saman ruwa da magariba, tarwaɗa ce ta taso shan iska.

Zurfi kuma ba a yi masa kintace. A sami doguwar gora, ko a ɗaura dutse a igiya, a yi ƙulli a kowane kamu. A jefa a wurare uku ko huɗu. Inda aka ji ƙasa ta faɗa ba zato, daga kamu biyu zuwa kamu biyar, to nan ne hanyar kifi. Igiyar za ta kuma nuna ko ƙasan laka ce, ko rairayi, ko itace.

Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Maganar gaskiya ce. Kifi yana ganin inuwa, yana kuma jin takun ƙafa ta cikin ƙasa. Da safe a tsaya a gaɓar yamma ana fuskantar rana, inuwa ta faɗa baya. Da yamma a koma gaɓar gabas. A rage surutu, a zauna maimakon tsayuwa, a guji tufa mai ƙyalli.

KOWANE LOKACI DA WURINSA

Wurin da ya yi kyau a wata ɗaya ba lalle ya yi kyau a wani ba.

Da farkon damina, in sabon ruwa ya hau ciyawar fadama, tarwaɗa tana fita daga kogi da dare ta shiga ciyawa don ta yi ƙwai. Kamunta a lokacin ba wuya. Amma mai kama uwa da cikinta, kifin baɗi yake ci tun bana. Haka kuma in an ga ramuka zagayayyu kamar faifai a kan rairayin da ruwa bai yi zurfi ba, gidajen karfasa ne. Uwar karfasa a bakinta take riƙe ƙwai da 'ya'ya har su yi wayo. A bar mata wurin. Wanda ya jefa birgi a kan irin waɗannan ramuka, ɗaruruwa ya kashe don ya ci goma.

Da kaka, in ruwa ya fara janyewa daga fadamu, kifi yana komawa kogi ta ƙananan hanyoyi, ya yi ƙiba. Wannan shi ne lokacin masunci. Bakin irin waɗannan hanyoyi shi ne wurin tsayawa. Amma tsayawa dabam, toshe hanya gaba ɗaya da dumba dabam. Mai toshewa ya hana na ƙasa da shi, ya kuma kame har da 'yan mitsi-mitsi.

Da hunturu ruwa yana sanyi, kifi ya rage ci, ya sauka ƙasa. Sammako ba shi da riba sosai. Gara a bari rana ta ɗaga, a nemi gurbi mai zurfi, ko gefen da rana ta ɗumama inda iska ba ta kaiwa.

Da bazara zafi yana kora kifi zuwa zurfi da inuwa. Asuba da magariba su ne lokacin fita.

ƘASAR DA ZA TA RIƘE MUTUM

Yanzu ga tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Ba kifin da ya kai ran mutum. Kowace shekara ana binne mutanen da suka fita neman na miya, aka bar mata da marayu. Da yawansu sun iya ruwa. Wurin da suka tsaya ne ya ci amanarsu.

Na ɗaya, gaɓa mai tsayi wadda ruwa ya ƙwaƙule ƙarƙashinta. Daga sama tana kama da ƙasa mai ƙarfi, har da ciyawa. Alamarta ita ce tsagewa a ƙasa taku ɗaya ko biyu daga baki, da saiwoyi a rataye, da ɓaraguzan ƙasa a cikin ruwa. In ta zabtare, tare da mutum take tafiya, ta kuma danne shi.

Na biyu, tsibirin rairayi a tsakiyar kogi. Mutum ya ratsa da ruwa iya gwiwa, ya shagala da kamu, in ya waiwaya ruwa ya kai wuya. A Kogin Haɗeja ruwa yana iya tasowa ranar da ko ɗigo bai sauka a garin ba, domin an yi ruwa a ƙasar Kano, ko an saki na dam. Mutanen Ringim da Miga da Auyo da Kafin Hausa ba su manta da ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. Saboda haka duk wanda ya isa bakin kogi ya kafa ɗan kara daidai inda ruwa ya tsaya. In bayan ɗan lokaci ruwa ya haye karan, ko ya sake launi, ko ya fara kawo kara da shara da kumfa, to a naɗe kaya a hau tudu. A riƙa sauraron rediyo don sanarwar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ta masu hasashen ambaliya. Kada a kwana a kan rairayin kogi ko da rani ne.

Na uku, bangon dam da mafitar da ruwa ke tsiyaya in ya cika. Akwai kifi a wurin, babu shakka. Amma siminti da dutsen da gansakuka ya kama sun fi sabulu santsi, ruwan ƙasansu kuma yana juyawa yana jan mutum ciki.

Na huɗu, ramukan da masu aikin hanya suka haƙa, da waɗanda masu ɗibar rairayi suka bari. Ba su da gangara. Taku ɗaya ruwa iya idon sawu, na biyu ya shanye mutum. Yara su ne suka fi faɗawa wannan tarko.

Na biyar, taɓo mai kama ƙafa. A soka gora tukuna. In ta nutse ba tare da an danna ba, ba wurin shiga ba ne.

Na shida, hadari. In ya haɗo daga gabas, kada a ce bari a yi jifa ɗaya. Mutumin da ke tsaye a fili bakin ruwa, riƙe da doguwar gora, ya ba tsawa hanya. Gindin itace guda a fili shi ma ba mafaka ba ne.

Wuri mai kyau shi ne mai gangara a hankali, mai ƙasa mai tauri, wanda in mutum ya zame zai iya fitowa da kansa. A tabbata akwai hanyar gudu zuwa tudu a baya. Mai birgi kada ya ɗaure igiya a wuyan hannunsa da ƙullin da ba ya kwancewa da sauri. Mai fita da dare ya tafi da tocila da abokin tafiya, ya kuma gaya wa iyalinsa inda za shi. Gora babba ko jarka mai murfi da igiya a kusa tana iya ceton rai.

LAFIYAR RUWA

Tambaya ta uku ita ce ta cuta. Babbar cutar bakin ruwa a wannan yanki ita ce tsargiya, watau fitsarin jini. Wasu suna ɗauka alamar balaga ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne, cuta ce. Wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani ke kawo ta. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, ta girma, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba, shiga kaɗai ta isa. In ta daɗe a jiki tana lalata mafitsara da ƙoda.

Katantanwar tana son ruwa mai kwanciya, mai ciyawa, kusa da inda mutane ke wanka da wanki. Tsutsar kuma ta fi fitowa da rana tsaka. Saboda haka mai ƙugiya ya zaɓi wurin da zai yi aikinsa ƙafarsa a busasshiyar ƙasa. Wanda dole sai ya shiga, ya sa takalmin roba mai tsawo in yana da hali, ya kuma rage daɗewa a ciki. Kada a yi fitsari ko bayan gida a ruwa. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti. Akwai magani, ƙwaya ce da ake kira firazikwantel, kuma tana aiki.

Har wa yau a guji ruwan da ke ƙasa da gonar da aka yi wa feshi, da inda ake wanke tankin feshi. In an tarar da matattun kifaye da yawa suna yawo a kan ruwa, kada a kwasa, kada a sayar. A sanar da mai unguwa.

RUWA DA MASU SHI

Tambaya ta huɗu ita ce ta haƙƙi. Ruwa ni'imar Allah ce, amma kusan kowane gurbi da tafki yana da masu kula da shi. Wani na gari ne, wani na zuriya, wani ba a taɓa shi sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini a yi su gaba ɗaya. Baƙo ya fara da gaisuwa wurin mai unguwa ko bulama ko Sarkin Ruwa. Gaisuwar minti biyar takan hana shari'ar shekara. Ban da haka, wanda ya yi sallama shi ake gaya wa inda rami yake.

Kada a kafa mamari ko a bar ƙugiya a mashayar dabbobi, ko mashigin da mutane ke ratsawa, ko inda mata ke ɗibar ruwa. Ƙugiya ɗaya a ƙafar saniya ta isa ta haɗa gari biyu faɗa. Kada a tattake shinkafa ko kayan lambun mutane don neman hanya. In an tarar wani ya riga ya shimfiɗa kalli ko ya kafa gura, a ba shi fili.

Gwamnati ma tana da doka. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, watau inci 3. Mai zuba Gamalin a ruwa ya kashe kifi, ya kashe ƙwai, ya kuma sa wa masu ci guba. Mai jan gidan sauro a ruwa shi ma ɓarna yake yi.

Hutar da ruwa yana da riba. A Argungu ta Jihar Kebbi, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, ana hana su a gurbin Matan Fada har sai ranar biki. Shi ya sa ake fito da giwan ruwa wanda sai mutum biyu ko uku sun ɗauka. Kowane gari yana iya keɓe gurbi ɗaya ya hutar da shi, ko da na watannin damina ne.

GA MASU ZUWA BAKIN TEKU

Akwai samarin da ci-rani ke kai su Legas ko Badagiri, su ga teku, hannu ya yi musu ƙaiƙayi. Tambayoyin nan huɗu suna aiki a can ma, amma teku ba kogi ba ne. Yana cikowa ya janye sau biyu a yini da dare, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Cikowar ta fi ƙarfi a farkon wata da daren sha huɗu. Masuntan can sukan je su duba gaɓa lokacin da ruwa ya janye, su ga inda ramuka da tudun rairayi suke, sa'an nan su dawo kamu in ya fara cikowa.

Babban tarkon teku shi ne wurin da ya yi kama da mai lafiya. In an ga igiyar ruwa tana fashewa dama da hagu, amma a tsakiya akwai wata hanya mai duhu da ta yi lif, to nan ne ruwa ke komawa ciki da ƙarfi. Kifi yana bin gefenta, amma mutum in ya shiga sai ta tafi da shi. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga cikinta. Kada a ba teku baya, kada a hau duwatsun da ke jiƙe. Gwanin Kogin Haɗeja ɗan koyo ne a bakin teku. Ya tambayi 'yan gari.

A TAƘAICE

Wanda yake so ya ci moriyar wannan magana ya sami ɗan littafi. Duk ranar da ya fita ya rubuta wuri, da wata, da lokaci, da yanayin ruwa, da abin da ya kama. Bayan shekara ɗaya littafin zai gaya masa inda zai je da kaka da inda zai je da bazara. Ɗansa ma zai gaji wannan sani, ba sai ya fara daga farko ba.

Kafin jifa, a tuna: a kalli ruwa, a auna zurfi, a gwada ƙasa, a kafa kara, a duba hanyar gudu, a nemi izini. In wuri yana da kifi amma ba shi da aminci, a bar shi. Kifin yana nan gobe. Iyali a gida sun fi bukatar mai gida ya dawo da kwarya rabi a kan a shigo da shi a kan kafaɗa.

Allah ya tsare kowa daga sharrin ruwa, ya ba da mai albarka, ya sa a ci da iyali lafiya.